Waƙar Baiko da Ƙofar Gefe

Majami'armu ta Nasarawa ƙofa uku gare ta, amma ranar Lahadi ƙofa ɗaya ce kawai take aiki. Da zarar an fara sujada sai a garƙame na gefe biyun da kwaɗo, makullan su koma aljihun mahaifina. Baba dattijon ikilisiya ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, kuma idan ya ce a'a, gara ka nemi kujera ka zauna. Ba shi ya ƙirƙiro kullewar ba. An fara ta ne saboda ɓarayin jaka da samarin da ke sulalewa kafin baiko, wato sadakar da ake tarawa a sujada. Da gari ya shiga shekarun zaman ɗar-ɗar sai ta zama doka: kowa ta babbar ƙofa zai shigo a duba shi, ta nan kuma zai fita. Na girma ina ganin kwaɗunan nan ban taɓa jin komai a raina ba, sai da na koma makaranta da girmana.

Bayan sojoji sun koma bariki, gwamnatin farar hula ta yi ta sauya wa ma'aikata wurin aiki, ni ma aka ɗauke ni daga sashen walwala aka kai ni na agajin gaggawa. Suna ne mai daɗi, amma aikin rabon bargo ne da shinkafa bayan abu ya riga ya faru. Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen mutane, mu je da katifa. Shaguna su ƙone, mu je da jaje. Na yi shekaru a haka har na gaji da zuwa a makare. Don haka da na ji an buɗe digiri na biyu a kan shirin ko-ta-kwana da kula da bala'o'i, ana karatun Juma'a da Asabar, ban yi shawara da kowa ba sai mijina. Yana aiki a wani kamfani a Kudenda, ya ce in dai zan dafa miyar sati kafin in tafi, shi ba shi da matsala.

Unguwa kuwa ta samu abin yi. Maƙwabciyata mai sayar da gwanjo ta tare ni a bakin famfo.

"Maman yara, wai duk karatun duniya, bala'i kika ga ya dace ki yi masta a kai? Abeg, kar ki kawo mana shi gida o."

Na ce mata ai bala'i ba ya jiran gayyata. Kafin wata ya ƙare sunana ya koma Madam Disasta, har 'yan acaɓa da shi suke kirana. Da farko ina jin haushi, daga baya na fara amsawa.

Ajinmu tarkace ne. Akwai 'yan kwana-kwana, da nas-nas, da soja mai ritaya, da wani Alhaji shugaban 'yan kasuwa wanda kullum yake kawo mana dabino. Malamin da ya fi shiga raina wani ɗan siriri ne mai ƙaramar murya, ba ya son dogon rubutu a allo. Wata Asabar ya shigo ya rufe ƙofar baya, ya ce idan ya tafa hannu kowa ya fita waje da gudu, wanda ya zo ƙarshe ya faɗi jarrabawa. Ya tafa. Manyan mutane da furfura muka cushe a bakin ƙofa, babu mai fita babu mai komawa. Hular Alhaji ta faɗi aka tattake ta, ni takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Da muka samu muka fita sai dariya, har da masu riƙe ciki.

Malamin ya bari muka gama, sannan ya ce, "To, yanzu ku ƙara hayaƙi. Ku ƙara yara. Ku ƙara tsohuwa mai sanda."

Nan dariyata ta tsaya. Mahaifiyata da sanda take tafiya tun da ƙugunta ya samu matsala. Wurin zamanta a majami'a bencin gaba ne, dab da ƙofar hagu, don ta ji wa'azi sosai. Ƙofar nan a kulle take. Duk majami'ar babu wanda ya fi Mama nisa da hanyar fita, kuma mijinta ne yake riƙe da makullin.

Da aka ce kowa ya zaɓi wurin taruwar jama'a ya tsara masa hanyar fita, ya kuma gwada da mutane na gaske, ban yi dogon tunani ba. Na je gaban dattawa da zanen majami'ar da na yi da bayanina. Abu biyu na roƙa: a cire kwaɗo a sa sakata ta ciki da mutum a tsaye kusa da ita, sannan a yi atisayen gobara. Fasto yana gyaɗa kai, sauran dattawa suna satar kallon Baba.

"Atisayen gobara a gidan Allah?" in ji Baba. "Muna zaune lafiya ki zo ki kira mana masifa da bakinki?"

Shi ke nan taro ya tashi. A gida na same shi yana gyaran rediyo, kuma zafin kan nan nasa ni na gada kaf.

"Baba, idan wuta ta tashi, Mama ce ta ƙarshe da za ta kai ƙofa."

"Ina nan da makulli a aljihuna."

"In mutane suka danne ka kafin ka ciro shi fa?"

"In kuma aka bar ƙofa wani ya shigo da mugun abu fa? Ke kin ga abin da muka gani?" Ya ajiye sukudireba ya dube ni. "Karatu ya yi daɗi. Yanzu ke za ki koya wa ubanki aiki."

Gaskiya ne ya ga abin da ban gani ba, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Amma a lokacin ban iya faɗa masa haka ba, ficewa na yi. Muka yi makonni gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa yin irin wannan da shi ba.

Wata Lahadi ina zaune ina cika ina batsewa, aka zo baiko. A wurinmu ba a yawo da kwano. Matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiya, su ne suke buga tulu da caki su ɗaga waƙa, sai jama'a su tashi benci-benci, suna rawa a layi zuwa gaba, su ajiye abin da suka kawo su zagayo. Tun ina goye nake cikin layin nan, amma ran nan ne na lura da shi sosai. Babu mai ture wani. Kowace uwa tana riƙe da hannun ɗanta. Idan tsoho ya taso sai a rage sauri a ba shi wuri. Bencin baya ba ya motsi sai na gabansa ya wuce. Duk abin da malaminmu yake fama ya koya mana, ga shi mutanena suna yi kowane mako da kiɗa.

Ana tashi na tare shugabar zumunta, wata 'yar Filato mai faɗin kafaɗa da ke sayar da dankali a Gonin Gora. Na ce mata ina so a riƙa fita daga majami'a da waƙar baiko, kowane benci ta ƙofar da ta fi kusa da shi, a taru a gindin mangwaro, mata gefe, maza gefe, yara wurin malamansu. Na ce kuma duk ranar da wani abu ya faru, kar ta jira kowa, ta buga tulu.

Ta ce, "Kar ki ƙara cewa gobara a gaban tsofaffin nan. Fitar godiya za mu kira shi. Wa zai hana mutane gode wa Allah?"

Babu wanda ya hana. Dattawa suka yarda a riƙa yi a ƙarshen kowane wata, bayan addu'ar sallama. Baba da kansa yake zuwa ya buɗe kwaɗunan fuska a murtuke, ana gamawa ya mayar. Maganar sakata kuwa ya ce kar in sake tayar da ita. Karon farko an yi shirme, wasu suka bi ƙawayensu zuwa ƙofar da ba tasu ba. A hankali ƙafafu suka gane hanya. Na sa mata biyu masu ƙarfi su riƙa zama kusa da Mama, na ce musu ko sama za ta faɗo kar su tashi ba tare da ita ba.

Sai ranar bikin godiyar kaka. Wanda ya san wannan rana ya san yadda majami'a take cika, har da waɗanda ba a gani sai shekara-shekara. An jibge doya da buhunan masara da rake a bakin babbar ƙofa, ga awaki a ɗaure, hanyar ta rage kaɗan. Babu wutar lantarki, janareta yana ta ruri a barandar babbar ƙofa. Fasto yana tsakiyar wa'azi sai muka ji fum, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta babbar ƙofa. Wata ta ƙwalla ihu, "Wuta!" Mutanen baya suka miƙe a firgice, benci ya kife, yara suka fashe da kuka. Na ga kawuna sun fara juyawa ana neman inda za a ruga, ƙofofin gefe kuma duk a kulle.

Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na daka wa shugabar zumunta tsawa, amma kafin muryata ta kai ta riga ta rungumi tulunta. Ta buga. Matan suka ɗaga waƙar baiko, murya na rawa, amma suka ɗaga. Abin da na gani daga kan bencin nan ba zan manta da shi ba. Mutanen da suka yunƙura za su gudu sai suka tsaya a layinsu, suna tari, suna taka rawa a wuri ɗaya, suna jiran na gaba ya motsa.

Baba yana ƙofar hagu yana fama da kwaɗo, makulli ya ƙi shiga. Waƙar ce ta saya masa lokaci. Da ya buɗe, ya waiga ya ga ƙofar dama tana can ƙetaren jama'a, ba zai iya ratsawa ba. Idonsa ya faɗo kaina.

"Ke! Karɓi!"

Ya wurgo makullan ta saman kawunan mutane. Ni da ko lemo aka jefo mini sai ya faɗi, ran nan na cafe. Na bi ta kan bencuna na isa ƙofar dama na buɗe, na tsaya ina cewa, "A hankali, benci-benci, riƙe yaronki, baiwar Allah." Ta ɗaya gefen na hango farin ɗankwalin mahaifiyata yana fita, mata biyun nan suna riƙe da ita.

Samari suka kashe wutar da yashi kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso. Baranda ta yi baƙi, buhunan masara sun ƙone, akuya ɗaya ta tsinke igiya ba a sake ganinta ba. A gindin mangwaro kowane rukuni ya duba nasa, kowa yana nan, ko targaɗe babu wanda ya yi. Ina tsaye sai na ga Baba yana kutsawa cikin mata yana leƙa fuskoki. Ya sami Mama a kan kujera tana fifita da gefen zane. Dattijon da ko a gida ba ya zama a tabarma, sai ga shi ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta da fararen kayansa.

Washegari da safe na biya ta majami'a kafin in wuce ofis. Na tarar da shi shi kaɗai da guduma da sukudireba, ya riga ya ɓalle maƙalin kwaɗon ƙofar hagu, yana ɗaura sakata. Na gaishe shi ya amsa, ya ce in riƙe masa ƙusa. Muka gama ƙofa biyun tare. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Daga Lahadin da ta biyo baya ya bar kujerar dattawa ya dawo bakin ƙofar hagu kusa da Mama, yana gadin sakatarsa da ido kamar yadda ya yi gadin kwaɗonsa.

Na rubuta aikina a kan fitar godiya, malamin nan ɗan siriri ya sa na maimaita wa aji labarin tun daga farko. Ranar da aka yaye mu, Baba ya zo da babbar rigarsa ta Kirsimeti, Mama da sandarta, maƙwabciyata mai gwanjo ma ta biyo mu tana guɗa. Ina alfahari da takardar nan, ba zan ɓoye ba, na sha wuya kafin in same ta. Da aka gama hotuna Baba ya ja ni gefe, ya sa hannu a aljihun da makullan suka yi shekaru a ciki, ya ciro kwaɗo biyun nan ya danƙa mini.

"Su sun ba ki tasu shaidar," in ji shi. "Ga tawa, Madam Disasta."