Rukayatu da Hutun Gidan Kaka

Safa ce ta fara haɗa ni da Rukayatu. Watana biyu da zuwa London, bayan na fita takabar Malam, Allah ya jiƙansa, ina tsaye a ƙofar makarantar jikata Na'ima a Tottenham, silifas a ƙafata, ana wani yayyafi mai shiga ƙashi. Sai ga wata gajeriyar mata ta fito ta ƙofar baya, da hular masu girki a kan ɗankwalinta. Ta dubi ƙafafuna, ta dubi fuskata, ta zuge jaka ta ciro safa mai kauri.

"Hajiya, ka sa wannan," in ji ta. "Sanyin garin nan ta ƙafa yake kama mutum."

Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ban ga kowa ba. Daga baya na gane Hausarsu ce ta zangon Kumasi, ba ruwanta da raba mace da namiji.

A can aka haife ta, mahaifinta fataucin goro yake yi. Ta ce duk hutun makaranta a babbar mota ake jefa su zuwa ƙauyen kakarsu wajen Salaga, inda ta koyi hawan bishiya da iyo da cin duk abin da aka ajiye mata. Da ta zo London ta yi sharar ofisoshi shekaru, kafin ta samu aikin zuba wa yara abincin rana. Shekararta goma sha shida a bayan tukwanen makarantar nan. Takan ce daga yadda yaro ya miƙo faranti take sanin halin gidansu.

A nan ta lura da abin da dogon hutu yake yi wa yaranmu. Mako shida iyaye suna wurin aiki, yara a kulle a flat, daga waya sai talabijin. In an koma makaranta sai ta ga ido ya yi ja, baki ya yi nauyi, gaisuwa ma sai an roƙa. Ta fara da yara bakwai, tana kai su dajin Epping su wuni. Yau, da hannun kwamitin masallaci da takardun council, wato ƙaramar hukuma, yara talatin take kaiwa wata gona a Essex su kwana huɗu. Camp suke ce masa. Mijinta Gariba, direban bas ne, shi ke tuƙa su, yana mita tun daga ƙofar masallaci har ƙofar gona, kuma bai taɓa fashi ba.

Na'ima tana da shekara goma a lokacin. Yarinya ce mai hankali, amma ko biredi ba ta iya tambaya a kanti, sai ta laɓe a bayan mayafina. Ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ni ma na ƙara mata, gaskiyar Allah, domin tun da na rasa Malam duk abin da nake so da hannu biyu nake riƙe shi.

Rukayatu ta zo gida wata Asabar ta sami ɗana Abdulƙadir, uban yarinyar.

"Dokta, na yi wa Na'ima booking."

"Anti, a yi cancel," in ji shi, yana dariya amma ba da wasa ba. "'Ya mace ba ta kwana a daji."

"Kai da kana yaro ba a kai ka hutu ba?"

Na ce, "An kai shi mana. Ƙaura Namoda, wurin uwata. Da kuka yake tafiya, da kuka yake dawowa."

"Hajiya, ai wannan daban. Gidan kaka ne."

Rukayatu ta nuna ni da haɓa. "To ga kaka nan zaune yana jan carbi, ba aikin fari ba na baƙi. Mu ɗauke shi mu sa a mota. Inda ya sauka nan ne gidan kaka."

Abdulƙadir ya haƙura. Matarsa Zarah tana kicin, na ji dariyarta ta kuɓuce. Haka aka cika mini takardu, na zama kakar yara talatin. Iyaye maza biyar da suka hana 'ya'yansu mata a bara, da suka ji da tsohuwa a tafiyar, suka sa hannu.

Gonar tana da tumaki masu kauri kamar an naɗe su da bargo, da ɗakunan katako, da wani tafki da ake koya wa yara tuƙa kwalekwale. Kwana biyun farko ni na gyara wa Na'ima gado, ni na karɓo mata abinci. Da aka kira su tafki na ce ba da jikata ba. Baturiyar da ke koya musu ta nuna mini rigar da ke hana nutsewa, ta nuna mini ruwan iya ƙirjin Na'ima ne. Na ce na gode. Muka zauna a benci ni da Na'ima muna kallon 'ya'yan mutane suna ihu. Na ga yatsun ƙafarta suna motsi a cikin takalmi.

Rana ta uku da hantsi Rukayatu ta zo tana riƙe da wuyan hannunta.

"Hajiya, hannuna ya murɗe. Wake da shinkafa na mutum arba'in, ga albasa buhu guda. Ka taimake ni don Annabi."

Ai ba a haɗa ni da Annabi in ƙi. Ta zaunar da ni a kicin, a kujerar da ke kallon bango. Na yanka albasa har azahar ta kusa. Can na ɗaga kai, sai na ga mai murɗaɗɗen hannu ta sauke tukunyar da maza biyu suka ɗora. Na dube ta. Ta dube ni.

"Allah ya kawo sauƙi da wuri," na ce.

"Amin, Hajiya. Addu'arka ne."

Kafin in miƙe, ƙofa ta bugu. Na'ima ce, jiƙe sharkaf, laka har kunne, takalmi ƙafa ɗaya. Na fara salati. Ita kuwa dariya take, ta riƙe hannun wata yarinya Fauzia, suna rige-rigen ba da labari da Turanci. Kwalekwalensu ne ya kife. Fauzia ta tsorata ta fara kuka, Na'ima ce ta kamo ta ta ce ta tsaya da ƙafarta, ruwan ba zurfi. Sannan ta juyo wajena da Hausarta mai tsalle-tsalle, ta ce, "Kaka, ni na ja ta!"

Ranar ta je da kanta ta miƙa faranti, ta ce a ƙara. Da la'asar na ga ta shimfiɗa darduma a sahun 'yan mata, ba a gefena ba. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na yi istigfari na koma wajen wanke-wanke.

A hanyar dawowa Na'ima tana can kujerar baya cikin masu waƙa. Rukayatu ta zauna kusa da ni, ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Da muka fara hango dogayen gidajen Tottenham sai ta juyo gare ni.

"Hajiya, ina da roƙo," in ji ta. "Baɗi ka zauna a gida. Ka ba ni Na'ima shi kaɗai. Dokta ba zai ji daga bakina ba, amma ba zai iya ce wa uwarsa a'a ba. Kai za ka faɗa masa, don Allah."