Ɗan Barewar da Ya Sha da Ludayina

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciya kafin in yarda in rubuta ta. Nakan ɗauki biro in ajiye, don karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, abin kuma ba mai daɗin faɗi ba ne. To amma gero ya nuna, wana yana tafe, jinkiri ya ƙare mini.

Ni tela ne a Dogon Dutsi. Bara da kaka wana, wanda ke kiwo wajen Sukukutane, ya zo mini da ɗan barewa a cikin buhu. Karnukan mafarauta ne suka kashe uwar. Ya ce in riƙa masa, tunda matata tana da akuya mai shayarwa, in ya girma a yanka a raba.

Tun da aka kwance bakin buhun raina ya ƙi shi. Wani ƙarni yake yi kamar jiƙaƙƙiyar fata, ga kaska jere a kunnuwa. Wana ya sa takalmi zai tafi, sai ya juyo.

"Af, na manta. Abin ga ba ya bawali, ba ya kashi, sai uwatai ta lasar mai gindi."

"Yaya, to ni ina zan samo mai uwa?"

"Halshe ko tsumma, ka zaɓi guda," ya ce, yana dariya har da riƙe ƙyaure.

Tsumma na zaɓa. Duk sa'ad da aka ba shi nono, sai in jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in riƙa shafa masa ƙarƙashin wutsiya ina kau da kai, har wani abu rawaya mai yauƙi ya fito. In wanke hannu da toka, in bi da sabulu, in sansana, in sake. Buta dabam na ware masa, amma duk da haka in na kabbarta salla sai zuciyata ta ce anya ba butarsa ka ɗauka ba? Da na ga yana rawar sanyi, na haɗa guntayen ƙyalle na ɗinka masa jaka, na rataye a ƙusa bayan ƙyaure. Can yake wuni, kai kaɗai a waje, yana bina da idanu.

Ci ne ya gagara. Akuya ta tunkuɗe shi. Nononta da aka tatsa ya sha kaɗan ya ƙi. Madarar gari ta sa shi zawo, jakar ta ɓaci, ɗakin ya ɗauki wari, har ya kasa ɗaga wuya. Ina ta tunanin abin da zan gaya wa wana, sai kuma na ga ya fara miƙewa. Na ɗauka jiƙon sabarar da nake ɗiga masa ne.

Ran nan da hantsi zare ya ƙare mini a shago, na dawo gida. Na iske matata zaune bayan rumbu, ɗiyarmu tana barci a cinyarta, ita kuma tana tatsar nononta cikin ludayi, ɗan barewar yana zuƙa har da kaɗa wutsiya.

"Ke! Mi kike yi haka?"

"Abin da ka gani, Malam. In bar shi ya mutu kana can kana wanke hannu?"

"Nonon ɗiyata?"

"Ɗiyarka ta ƙoshi har da tumbuɗi. Kuma ai ba a jikinka ake tatsa ba."

Na dubi ludayin. Mai ɗinki a wuya ne, wanda nake shan fura da shi. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce wanda ya zo hannu take ɗauka, kuma tana ɗaurayewa. Har yau fura ba ta wuce mini maƙogwaro ba tare da na tuna ba.

Yanzu ya girma, ƙaho ya fito. Yana cin harawa da dussa da ƴaƴan gawo, wannan ba laifi. Amma ya cinye sabulun wanka, ya tauna mini igiyar awo, yana lasar ƙasar da yarinya ta yi fitsari. Majinar hancinta ma shi ke share mata da harshe, ita tana ƙyalƙyala dariya, uwarta tana cewa, "Bar ƙanenki ya yi miki kwalliya." Jakar nan ta yi masa kaɗan, amma in hadari ya taso sai ya je ya cusa kansa ciki, sauran jiki a waje.

Wana ya kira ni ta waya, ya ce da an gama yankan gero zai zo da wuƙarsa. Bai san zancen nonon ba, ni kuma bakina ba zai iya faɗa masa wannan game da matar ƙaninsa ba. Ita ta riga ta yanke: "Wanda ya sha nonona ba ya shiga tukunyata." Akwai samari ƴan kasuwa a masallacinmu masu karatu sosai, amma in na tambaye su, kafin la'asar unguwa ta ji, daga nan sai ma'aikatan gandun daji, tunda an hana riƙe naman daji a gida.

Ba son dabbar nan nake ba, Allah ya sani. Sai dai in na tuna tsokarsa a bakin ɗiyata, nakan ture akushi in tashi. Ga shi kuma dukiyar wana ce, amana ya ba ni.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma yana da sani, ya taimaka ya bayyana: dabbar da ta rayu da nonon mace, namanta ya halatta ga mutanen gidan, har da yarinyar da suka sha tare? In kuma na samu wana ya haƙura, barewar da ta saba da dussa da sabulu, take bin kowa a baya, za ta rayu in an sake ta a daji, ko akwai inda ake karɓar irinta?