Ranar da Auta Ya Yi wa Baba Aski

Duk wanda ya san layin da ke bayan tashar mota ya san shagon Mai Aski. Ɗan ƙaramin shago ne: kujera ɗaya mai juyawa, bencin masu jira, da madubin da ya tsage a kusurwa aka manne shi da sitika. Shi kansa Mai Aski gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu in yana aiki, kuma in ya kama kan mutum yana juyawa, sai ka rantse kankana yake dubawa a kasuwa. A layi Mai Aski ne, a gida kuwa Babban Yaya, don shi ne ɗan fari.

Ba sha'awa ce ta kai shi aski ba. Yana ajin ƙarshe a sakandare idon babansu ya fara lalacewa, aka sallame shi daga tuƙin bas, sai yaron ya ajiye littafi ya ɗauki almakashi da kilifar aski. Da kilifar nan aka riƙe gida, da ita ƙannensa mata suka yi aure, da ita autansu ya yi karatu har ya zama injiniya a wani gari mai nisa. Mai Aski bai taɓa yi wa kowa gori ba, a baki dai. A zuci kuwa, Allah kaɗai ya san yawan gorin da yake yi a yini.

Auta ne ɗan gaban goshin Baba, wannan ko makaho ya shigo gidan zai gane. Hotonsa ne a bangon falo. In ya bugo waya, Baba har gyara zama yake yi, ka ji yana dariyar da Mai Aski bai taɓa samun ko rabinta ba. Abin haushin ma, Auta ba shi da mugun hali. Da mai girman kai ne, da an samu abin kamawa. Amma ina, yaro ne mai fara'a, kullum "Yaya, Yaya", ga kyauta. Babu abin da ya kai kishin mutumin kirki wahala.

Abu ɗaya Mai Aski yake da shi wanda Auta ba shi da shi: kan Baba. Duk safiyar Asabar, kafin ya buɗe shago, yakan fito da kujerar roba tsakar gida, ya yafa wa tsohon tawul, ya shafa sabulu, ya aske shi tas da reza, don Baba ba ya son kilifa, wai ƙararta har cikin haƙori take shigar masa. Ba sa hira. In an gama, Baba ya shafa kansa ya ce, "To." Shi ke nan yabon. Amma Mai Aski ya ɗauki wannan ɗan lokaci a matsayin rabonsa na uba, kuma yana tsaronsa da gaske.

Wani zuwa da Auta ya yi, ya kawo wa Mai Aski na'urar wasan gem ta haɗawa da talabijin.

"Yaya, ka sa a shago, masu jira su riƙa rage lokaci."

Mai Aski ya karɓa yana yatsina, ya ce kayan yara ne. Ba a yi nisa ba sai ga shi shi ne ya fi kowa nacin abin. Da shago ya yi shiru zai juya kujerar aski ta fuskanci talabijin, ya kama rimot da hannu biyu. Matarsa in ta kawo masa abinci sai ta tsaya a ƙofa ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Magidanci da furfura a gemu, yana kokawa da aljanun talabijin."

A wasan, kai ne wani saurayi mai takobi, ɗan lelen sarki, kana ƙwato birninku daga hannun abokan gaba. A ƙofar ƙarshe akwai wani ƙato cikin sulke, da hular ƙarfe mai ƙaho biyu. 'Yan shago suka raɗa masa Mai Ƙaho. Kowa ya kai wurinsa sai ya sha kashi. Mai Aski ya yi makonni yana cin duka a hannunsa, har ya tsane shi tsana ta gaske. Yana cikin yi wa mutum gyaran fuska sai ka ji ya yi tsaki, ashe Mai Ƙaho ya tuno.

Ana nan sai wata Asabar ta zo Auta yana gida hutu. Mai Aski ya fito da kujerar roba, tawul a kafaɗa, sai ga Auta da wani ɗan akwati: sabuwar reza mai ƙyalli, burushi, da kumfar gwangwani.

"Baba, yau ni zan yi maka aski. Na kalli yadda ake yi a waya, na ƙware."

Baba ya fashe da dariya har da tari. "Injiniya zai taɓa kaina? To ai yau kaina ya yi daraja. Babba, ba ƙanenka tawul ɗin. Bari in karya tukuna, rana ta ɗan ɗaga."

Mai Aski ya miƙa tawul. Shekara da shekaru yana aske wannan kai, ba a taɓa cewa kan ya yi daraja ba sai yau.

To, akwai wani abu. 'Yan watannin nan wani ɗan ƙari kamar ƙwayar wake ya fito wa Baba a ƙeya, daidai inda fata ta ninke. Laushi gare shi, ko farce ya taɓa shi sai jini. Baba ba ya ganinsa, har mantawa yake yi da shi. In aka shafa kumfa kuwa, ɓacewa yake yi ɗungum. Mai Aski da ɗan yatsa yake lalubo shi, ya danne, ya zagaye shi da reza.

Auta ya ce, "Yaya, akwai abin da zan kula da shi?"

Maganar ta zo har bakin Mai Aski. Ya dubi Baba, wanda har yanzu bakinsa bai rufu ba don murna. Sai ya haɗiye ta.

"Ai kai injiniya ne. Reza ce kawai."

Ya sa kai ya fita. A hanya yana ce wa kansa ɗan ƙwarzane ne, ba mutuwa ba. Bari a ga jini kaɗan, a san cewa aski ma aiki ne, a san wanda ke da kan.

Shago babu kowa. Ya kunna talabijin ya faɗa wa Mai Ƙaho da duk haushin da ke cikinsa. Ko don zuciya ce, ranar hannunsa ya zauna. Ya kauce, ya sara, ya sake kaucewa, sai ga ƙaton ya durƙusa a kan gwiwa. Mai Aski ya miƙe tsaye ya daki iska.

"Yau na ci ƙaniyarka!"

Sai hular ƙarfen ta faɗi ta gangara. Ashe ba dodo ba ne. Wani dattijo ne mai furfura, da gajiya a fuska, yana haki. Kiɗan ya yi sanyi, wasan ya shiga nuna abin da ya wuce. Mai Aski ba ya jin yaren sosai, amma hoton ya ishe shi. Ga mutumin yana saurayi, yana gadin ƙofar birni. Ga shi cikin ruwan sama, ga shi cikin rana, gashinsa yana fari a bakin ƙofa ɗaya. Ga sarki yana wucewa da wani ɗan yaro a kafaɗa, yaron da ya girma ya zama mai takobin da Mai Aski yake bugawa da shi. Mai gadi ya rusuna, sarki ko kallo.

Mai Aski ya koma ya zauna a hankali. Tausayi ya kama shi, irin wanda bai shirya masa ba. Idonsa ya cika.

"Wayyo bawan Allah," ya ce da talabijin. "Ashe kai ma haka suka yi maka. Ni kuma na zo na taya ɗan lele dukanka."

Ya ji kamar ya shiga ciki ya ɗaga shi, ya kaɗe masa ƙura. Ya tsani yaron mai takobi, ya tsani sarkin, ya tsani hannunsa da ya yi saran.

Hoton bai ƙare ba. Ga mai gadin a saman ganuwa, ya hango rundunar abokan gaba tafe. Igiyar ƙararrawa tana kusa da hannunsa. Ya dube ta, ya dubi fada, ya naɗe hannu. Bai buɗe wa kowa ƙofa ba, bai zare takobi ba. Shiru kawai ya yi, birni ya ci wuta.

Nan take Mai Aski ya tuno ƙarin da ke ƙeyar Baba. Ko talabijin bai kashe ba, ya ja ƙofar shago ya nufi gida, rabi tafiya rabi gudu.

Ya makara. Tawul yana ƙasa da jini a jiki, ba kaɗan ba kamar yadda ya yi wa kansa alkawari. Auta yana tsugune ya danne ƙeyar Baba da auduga, fuskarsa ta yi fari fat. Rabin kan a aske, rabi da kumfa ta bushe.

"Yaya, wallahi ban gan shi ba! Ban san akwai wani abu a wurin ba!"

"Kai, rabu da shi," in ji Baba. "Ni na motsa. Laifina ne. Hannunka lafiya lau, sai ka ce ka shekara kana yi."

Baba bai taɓa motsi a ƙarƙashin reza ba, Mai Aski ya fi kowa sani. Ko a cikin tsoro da kunya, sai da kishin ya sake soka masa wuƙa: an yanke tsoho, kuma tsohon ne ke rarrashi.

"Jeka kemis ka samo filasta," Baba ya ce wa Auta. Auta ya fita da gudu.

Mai Aski ya karɓi audugar ya danne. Baba bai juyo ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Babba. Ya tambaye ka, ina ji. Kai ka san da wurin."

Mai Aski ya ƙara danne audugar. Ya so a zage shi, ya so a ɗaga murya, ko don ya samu ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa. Baba bai ba shi wannan damar ba. Ya ɗan numfasa, ya shafa gefen da ba a aske ba.

"Ka bar shi ya ƙarasa da hannunsa in ya dawo. Gobe in ya tafi, ka zo ka gyara min inda ya bari. Kada ka bari ya sani, ransa zai ɓaci."

"To, Baba," in ji Mai Aski.