Ɗakin da Baffa Ya Gina wa Injin Rana

Alhamis: Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita daga gidan malamai a Katsina, jaka a kafaɗa, zuciya ba daɗi. Ba zumunci ne ya tashe ni ba, wasiƙar da na rubuta da hannuna ce ta jawo mini.

Ni malamin kimiyya ne. Bara, da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta tura mu kwas na wata shida a Turai, aka kai mu kallon wani inji da masana ke gwaji da shi. So suke su haɗe ƙwayoyin zarra irin na cikin ruwa, yadda ake yi a cikin rana, zafin da ya fito a mai da shi lantarki. Wanda ya zagaya da mu ya ce burinsu wata rana injin ya ƙanƙance, kowane gari ya sami nasa. Daɗi ya ɗebe ni, na cika takarda uku zuwa ga Baffa Lawal, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni, mai unguwar ƙauyenmu gaba da Darini. Na ce inji na nan tafe, bai fi rumbu girma ba, ruwa ne abincinsa. Har zane na yi masa. Na manta a garinmu ba a karanta wasiƙa a ɗaka. A ƙofar gida ake karanta ta, a kuma sake duk ranar da aka yi baƙo.

Jiya sai ga saƙon Goggo Hurera, yayar Baffa, ta bakin wani mai rogo. Ma'aikatan ruwa sun kawo wa rijiyarmu injin famfo mai shan gas, Baffa ya ce an gode, na ɗansa suke jira. Ranar Juma'a bayan masallaci motarsu za ta bar Safana, ta mai da injin sito a Kaduna. Ta rufe saƙon da cewa takardata ta shanye musu ruwa.

Kiya-kiya, ƙaramar motar hayar Batsari, ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Na biya naira ɗaya, na sami gaba. A shingen bakin gari ɗan sanda ya leƙo, ya ga buhunan gishiri, ya ɗaga mana hannu. Direban ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ba ka yi kama da mai sayen rogo ba. Mi za ka yo Batsari?"

"Wata magana na zubar, za ni kwasowa."

"Kayya! Ai magana zarar bunu ce. Allah dai shi taimaka."

Batsari zuwa gida

Tara da 'yan mintoci muka sauka, kasuwa ta fara ci. Na karya da dafaffen rogo da garin ƙuli na kobo goma, kuma duk abin da na ci a Turai bai kama ƙafarsa ba. Sha ɗaya na hau bayan akori-kura mai kai kananzir Darini, kobo talatin, daga nan na taka na minti arba'in ta cikin karan dawa.

Tun kafin in shiga gari na gan shi. Dab da rijiya an gina sabon ɗaki na jar ƙasa, an yaɓe shi sumul, da ƙofar kwano da kwaɗo. A gefensa mata shida na jan igiya ɗaya, Goggo ce a gaba. Da na durƙusa muka gama gaisuwa, ta buɗe mini tafukan hannunta, duk kanta.

"Sada, in tambaye ka. Wanga inji naka, da idonka ka ga shina ci?"

"Na gani, Goggo."

"Ya daɗe shina ci?"

"Bai kai ƙiftawar ido ba."

"To wutar da ya ba su, ta kai wadda suka zuba mashi?"

Na ce ko kusa. Na bayyana mata zafin ya wuce abin da kowace tukunya za ta ɗauka, sai da mayen ƙarfe ake riƙe wutar a tsakiya kada ta taɓa bango, ita kuwa kullum sai ta kuɓuce. Wanda na gani ma ya fi masallacin Juma'a girma, ba rumbu ba.

"Ashe saniya ce mai cin dusa ba nono," in ji ta. "Tafi ka hwaɗa ma Lawal haka."

Wata shida na yi ina kwas a Turai, ita a tambaya uku ta ƙure shi.

Bayan la'asar dattawa suka hallara a ƙofar gida. Baffa ya zaro wasiƙar daga aljihu, ta yi laushi don shafa, ya ce ga mai ita ya zo, yau sai a ji daga bakinsa. Na ce injin gaskiya ne, amma ba bana ba, ba baɗi ba, masu yin sa ma shekara talatin suke faɗi, kuma ba su rantse ba. Na ce laifina ne, ɗoki ya sa na rubuta fata kamar alkawari. Ni ba kaina nake ji ba, Baffa nake ji, wanda ya tsaya gaban ma'aikatan gwamnati ya ce maganar ɗansa ba iska ba ce.

Baffa ya ninke takardar.

"To, ai bai yi ƙarya ba. Hadari ya gani, mu muka yi saurin kife randa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gobe da asuba za mu Safana."

Na kwana a zaurensa, bayan tuwon dawa da miyar kuka da man shanu.

Juma'a: Safana da Babban Duhu

Ƙarfe shida muka kama hanya a ƙafa, Baffa a gaba, ban iya cim masa ba. A Batsari muka sami motar katako mai zuwa Safana, kobo sittin kowanne. Sau biyu muka sauka ta haye rafi, sau ɗaya muka tsaya garken shanu ya gama wucewa, Bafulatanin ko a jikinsa. Ni ina ta duba agogo, Baffa yana ta jan carbi.

Sha biyu saura muka isa, sai muka tarar da sansanin ma'aikatan wayam. Wani mai tsire ya ce sun tafi Babban Duhu duba wata rijiya, daga can za su wuce. Allah ya haɗa mu da wani malamin dabbobi mai babur da ya nufi can, muka matsu mu uku, babbar rigar Baffa na kaɗa mini fuska. Malamin ya ƙi karɓar ko kobo.

Mun same su ana ɗaure tamfol, ga injinmu a bayan mota cikin akwatin katako. Shugabansu, wani dogon mutum mai gilashi, ya gane Baffa nan take.

"A'a, Mai unguwa! Injin ranar ya iso ke nan?"

Na yi wuf zan amsa, Baffa ya dafa hannuna.

"Ranka ya daɗe, amaina na zo lashewa. Matan garinmu hannunsu ya ƙare. In da hali a mai da muna abinmu."

Mutumin ya daina dariya. Ya ce ai takardar da ta ba ƙauyenmu injin ba ta bar aljihunsa ba, kuma bai taɓa ganin mai unguwar da ya biyo mota da ƙafarsa ba. Muka yi sallar Juma'a tare, aka ba mu fura da nono mai kauri, muka hau bayan motar kusa da akwatin. Kafin magariba muna gida, yara na gudu a bayanmu.

Asabar: komawa

Da hantsi aka buɗe kwaɗon. Makanikin ma'aikatan ruwa ya auna ɗakin da ido, ya ce kamar don injinsa aka gina, ya sa a ajiye shi a tsakiya.

"A'a," in ji Baffa. "Ku matsa da shi jikin bango. Wancan gefen akwai mai shi."

Goggo ta ja tsaki. Wajen azahar injin ya yi tari biyu ya kama, ruwa ya ɓulɓulo, mata suka rangaɗa guɗa. Baffa ya raka ni har bakin gona.

"Shekara talatin ka ce?"

"Haka suka ce, Baffa."

"Giginyar ƙofar gidanmu kakanka ya dasa ta, bai sha ɗanta ba. Ka riƙa rubutowa. Amma ka riƙa sa shekara."

Goggo ta cusa mini ƙullin daddawa a jaka. Na sami motar ƙarshe daga Batsari ƙarfe huɗu, na shiga gida Katsina ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa malamin dabbobin da ban ko tambayi sunansa ba, da dogon mai gilashi, da Goggo da ta koya mini darasin da zan shiga aji da shi ranar Litinin.

Da matata ta kwance ƙullin sai ta fashe da dariya, ta miƙo mini takardar da aka naɗe daddawar da ita. Rubutuna ne, shafi na ɗaya da na biyu. Na ukun, mai zanen injin, Baffa bai bayar ba.