Shekarar da Mahaifiyata Ta Sauya Direba

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Bagdadiyya a Jidda, ina da wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, doguwa kamar kwalekwale. Abokina da muka taso layi ɗaya kuwa 'yar ƙaramar Japan ce kafilinsa, wato ubangidansa, ya ba shi. Gwangwanin madara nake kiranta.

Sai aka daina sayar da fetur mai dalma. Mu masu tsofaffin injuna aka ce mu koma wanda aka haɗa da wani magani a madadinta. A cikin gari lafiya lau. Amma in na hau titin Makka na taka, sai injin ya kama ƙara kamar ana kaɗa cokali a kofi. Wata Juma'a motar ta mace mana a hanya, rana tsaka, mahaifiyata na baya da niyyar umra. Dole na kira abokina ya ɗauke ta, ni na tsaya gadi.

Wani bakanike a unguwar masana'antu ya buɗe kan injin ya ce, "Mazaunin bawul ya cinye, ya akhi. Dalmar ce ke kare shi a da. Wannan man bai isar masa a doguwar tafiya, sai an sa mai tauri."

Kafin a gama gyara, gida ya cika da labarin abokina. Kullum Umma sai ta ce, "Yaron nan, motarsa ko tari ba ta yi." Ranar da na dawo da tawa tana sheƙi, na ce, "Umma, yalla, mu je."

Ta ce, "Halas, huta abinka. Na riga na gaya wa ɗan'uwanka."

Ta taga na leƙa na ga abokina yana buɗe mata ƙofa, tana sa masa albarka. Wallahi har fata na yi gwangwanin nan ya tsaya musu sau ɗaya, a inuwa, kusa da gida, don a kira ni. Bai taɓa tsayawa ba.

Daga baya na gane ba motar nake kishi ba, hirar hanyar ce. Umma ta rasu yanzu. In mun zauna, abokina kan ba ni labarin yadda ta zo Jidda tana yarinya, abubuwan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Nakan saurara, in gode masa.