Matar da Ke Leƙa Ƙarƙashin Kujeru

Yayata ba ta iya shiga wuri ta zauna kamar kowa ba. Sai ta danna kushin da tafin hannu, ta bi ɗinkin da farce, sannan ta ɗora jikinta. Mun yi mata dariya har mun gaji. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi tana ɗinka rigunan kujeru a shagon mijinta, wanda kowa ke kira Kafinta. Shi yana bakin ƙofa da zarto da guduma yana karɓar yabo, ita tana can ƙurya da keken ɗinki da tulin soso. Albashi kuwa babu, wai ai tukunya ɗaya ake ci. Ƙurar soso ta bar mata tari, allura ta cinye mata yatsu, kuma ban taɓa jin mai saye ya tambayi wanda ya yi ɗinkin ba.

Da auren ya mutu, kotu ta duba shekarun nan, ta yanke wa Kafinta kuɗin da zai riƙa ba ta duk wata, na haya da na cefane. Yaya ta kama ɗaki ɗaya a bayan wani shagon magani. Ɗakin bai taka kara ya karya ba, gado da keken ɗinki sun cinye rabinsa. Amma shi ne wuri na farko a duniya da mabuɗinsa ke hannunta. Ta ɗaure mabuɗin da zare ta rataya a wuya, har barci da shi take yi.

Kafinta ya biya na 'yan watanni, daga nan ya yi kunnen uwar shegu. Waya a kashe, shago a garƙame. Da Yaya ta koma kotu aka kira shi, sai ga shi ya shigo da sanda, a duƙe, yana nishi. Ya ce ciwon baya ya kayar da shi, ya sayar da kayan aiki, 'yan'uwa ke ciyar da shi. Ni da na san mutumin nan, raina ya ɓaci. Alƙali ya ce ba zai matsa wa maras lafiya ba, sai in an kawo shaidar cewa yana aiki. A satin ne kuma mai gidan haya ya ce wa Yaya in wata mai zuwa ya ƙare babu kuɗi, ta nemi wani wuri.

Na ce mata, "Yaya, ki tattaro kayanki ki dawo wurina, ai ba baƙon gida ba ne."

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Amma ba zan tsufa a falon mijinki ina naɗe katifa duk safiya ba. Ɗakina nake so, kuma haƙƙina ne, ba roƙo ba."

"To ina za ki samo shaida? Mutumin ya yi ɓatan dabo."

"Shi ya ɓuya," in ji ta, "aikinsa ba zai ɓuyu ba."

Abin da take nufi shi ne, Kafinta yana da wani ƙaramin ƙarfe mai siffar guduma. Duk kujerar da ya gama, sai ya sa ƙarfen a wuta ya ɗana mata tambari a ƙarƙashi. Yaya ta ce zai iya kwana da yunwa, amma ba zai iya barin kujera ta fita babu wannan tambari ba.

Haka Yaya ta fara yawo. Duk inda ta hango sabuwar kujera, ko asibiti ne, ko gidan abinci, ko shagon gyaran waya, sai ta yi sallama, ta tattare zani, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi. Mace mai jikoki, gwiwa tana ƙara. Wani ya ɗauka kuɗi ta yar har ya taya ta nema. Wasu suka ce rabuwar aure ta taɓa mata kai. Ko gezau. Ta sha cin karo da tambarin, amma a jikin tsofaffin kujeru, waɗanda ita da kanta ta ɗinka wa riga. Irin wannan rana takan dawo ba ta son magana.

Wata ya kusa ƙarewa ta same su, a shagon wani mai aski. Kujerun jira ne sababbi fil, warin fenti bai ma bar su ba, ga 'yar gudumar a ƙarƙashi baƙa ƙirin. Mai askin ya ce, "Mama, ki rufa mini asiri, ni ba na son hawa matakalar kotu." Yaya ba ta yi musu da shi ba. Washegari ta dawo ta zauna a layin masu jiran aski, ta rungume jaka. Rana ta uku ma haka. Maza suka riƙa leƙowa suna juyawa. Ƙarshe dai bawan Allah ya ga kasuwarsa za ta mutu, ya ɗauki kujera ɗaya ya bi ta.

A kotu abin ya so ya lalace. Mai aski ya ce shi ta waya ya yi ciniki, mai mota ya kawo masa kaya, bai ga fuskar wanda ya yi aikin ba. Kafinta kuwa ya jingina da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kowane maƙeri zai iya ƙera irin wannan ƙarfe. Ban san kujerar nan ba." Na fara tunanin inda zan ajiye keken ɗinki a falona.

Sai Yaya ta tashi, ta zagaya kujerar a hankali, ta kama ƙafa ɗaya ta girgiza.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wataƙila gaskiyarsa ce. Na zauna da shi shekaru, ban taɓa ganin ya yi ƙafa mai rawa haka ba. Dubi haɗin nan, gam aka cika masa kawai. Wannan aikin ɗan koyo ne. Kai kuma mai aski, yi haƙuri, an cuce ka, kafin shekara za ta kayar maka da mutum."

"Ɗan koyo?" Muryar Kafinta ta cika ɗakin. Kafin mu ankara ya miƙe sambal, ya tako, ya ɗaga kujerar da hannu ɗaya ya kifa ta. "Ina gam ɗin? Nuna mini! Huda na yi na zura ƙafar, katakon ma ni na zaɓo shi da hannuna. Daɓen kotun ne bai daidaita ba!"

Sandar tana can a ƙasa inda ya yar da ita. Alƙali ya dubi sandar, ya dubi Kafinta, ya gyara tabarau ya jawo biro. Ya ce a biya duk abin da ya taru kafin ƙarshen wata, daga yanzu kuma ta hannun kotu kuɗin zai riƙa bi, in aka sake fashi a kwashe kayan aikin a sayar. Kafinta ya fita ko sandar bai tuna ba.

A hanya na ce, "Yaya, tsakani da Allah, ƙafar tana rawa?"

"Ko kusa," in ji ta. "Bakinsa ne ke ƙarya, hannunsa bai taɓa yi ba. Ɗinkin ne ya lalace, ban san wa ya samu yake yi masa ba." Ta yi dariya, sai kuma na ga tana share ido da bakin mayafi. Ni ma na kasa riƙe hawayena.

Yaya tana nan a ɗakinta, mabuɗi a wuya. Mai askin nan ne ya fara kawo mata kushin gyara, wasu suka biyo baya. Kwanaki na je na tarar ta gama wata rigar kujera, ta juya ta, tana tsira wani ɗan fure da jan zare a ƙarƙashi, inda mai zama ba zai gani ba. Na tambaye ta na mene ne.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ko wata rana wani zai leƙa."