Zabuwar bangon zaurenmu

"Zane kuma sana'a ce?" Da wannan tambaya Inna ta tare ɗiyata Mariama jiya da hantsi, muna zaune a zauren gidanmu na Matameye. Mariama na son komawa Damagaram ta ƙarasa koyon zanen tambari da alluna, ni kuwa ba na tsallake maganar mahaifiyata. In ta ce a'a, karatu ya tsaya.

Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta buɗe ordinatar, wato kwamfutarta, ta nuna aikin da za ta kai jarrabawa: tsuntsuwar nan ta bangon zaurenmu, wadda damuna ta kusa cinyewa, ga ta ta fito fes, ɗigo-ɗigo kamar taurari a baƙin rini.

Inna ta matso, ta ƙura ido, sai ta fashe da dariya.

"Zabuwar Baba! Zamanin mulkin Nasara, kumandan ya sa shi ya zana zakara, tambarin ƙasarsu, a bangon bariki. Baba ya shafa laka, ya fitar masa da zabuwa. Da aka kore shi, ya dawo ya sake ta a nan."

"To Kaka, in koma?"

"Koma, ja'ira. Amma ki rage mata wuya. Zabuwa Baba ya zana, ba raƙumi ba."

Jiya yatsa a laka, yau yatsa a gilashi, hannun dai na gida ne. Ku fa, 'yan'uwa, wace sana'ar kakanni ce ta sake tufafi a gidanku?